Ajiya a Cikin Farar Riga

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da ya suturta mu tun ba mu san mene ne sutura ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da Nazifi ya yi mini. Nazifi matashin tela ne, shagonsa yana jikin nawa a layin teloli na kasuwar Azare, yana da keke mai lantarki da injin da ke zuba aikin wuya da kansa. Ya leƙo ya tarar ina ɗinka fararen riguna na yaran kimiyya, sai ya ce, "Baba, ashe yau hutu kake yi. Ba aiki a wuya, ba aiki a hannu, layi miƙaƙƙe kawai. Ni a ba ni su, kafin la'asar na share wurin." Na ce masa Allah ya ƙara hanzari. Amma maganar ta zauna mini, domin ba shi kaɗai ke ganin haka ba. Shi ya sa nake rubuta wannan da ajami, rubutun da na iya, jikata za ta mayar muku da shi boko.

Na koyi ɗinki a hannun Alhaji Modu, mutumin Gashuwa, wanda iyayensa suka zo Azare da shi yana goye. Allah ya jiƙansa. Na daɗe a shagonsa ban taka keke ba. Aikina na farko shi ne warwara. Zai miƙo mini tsohuwar riga da rabin reza, ya ce in raba ta gunduwa-gunduwa ba tare da na ji wa yadin ciwo ba. In na yi gaggawa reza ta ci yadi, ba ya duka, sai dai ya ɗaga wurin sama haske ya ratso ta ramin, ya yi ta kallona ta ciki har sai na rasa inda zan sa fuskata. Yakan ce wanda bai iya warwara ba bai san abin da allura take yi wa yadi ba. Daga nan na koma hura gawayin dutsen guga, sannan sa maɓalli, sannan kalmasa, wato lanƙwashe bakin riga a ɗinke. Almakashi shi ne na ƙarshe da ya yarda na riƙe. Baƙin keken da nake takawa har yau nasa ne, da almakashin, da wani guntun katako mai santsi da muke danne kabu, wato mahaɗin ɗinki, da shi bayan guga.

A wancan zamani uba yakan kawo yadin ɗansa sau ɗaya a shekara, gab da Sallah, kuma yana so rigar ta ga wata Sallar, daga nan ta sauka kan ƙane. Na tuna ranar da na auna wani yaro na faɗi abin da tef ya nuna, Alhaji Modu ya ja alli nesa da inda na faɗa. Na ce, "Alhaji, ai ka wuce." Ya ce, "Tef ɗinka yaron jiya ya auna. Dubi ƙafarsa." Na duba, sai ga ƙafa kamar ta babban mutum a ƙarƙashin siririn ƙwauri. Ya ce ƙafa ce ke fara tafiya, sauran jiki ya biyo ta daga baya. A nan na koyi karanta yaro: ƙafarsa, wuyan hannunsa, da tsayin wanda ya rako shi. Yadin da ya yi saura ba ma yanke shi, muna naɗe shi a ciki mu ɗinke, ya kwanta yana jiran mai shi ya girma. Ku telolin yanzu alawas kuke ce masa, kuma ɗan yatsa ɗaya kuke bari. Mu a shagon Alhaji Modu ajiya muke cewa.

Aikin fararen riguna ya zo mini ne bayan gemuna ya fara fari. Wata rana da hantsi wata mata ta sauka daga keke napep a bakin shagona, da jakar takardu a hammata. Dakta Rifkatu ke nan, malamar kimiyya a jami'ar nan ta kusa da mu, mutumiyar kudancin Bauchi. Ta ce suna da shiri a dogon hutu: za su zaɓo yara daga makarantun sakandare na Azare da Gadau da Udubo da ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda suke karanta kimiyya a littafi amma ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, a riƙa kai su jami'a suna shiga ɗakin gwaje-gwaje. In hutu ya ƙare a yi musu bikin yaye, kowa a sa masa farar riga tasa ta kansa. Ta ce in ɗinka guda ta gani.

Na ɗinka kuwa, na zuba gwaninta. Na zaɓi farin yadi mai ƙyalli, na buɗe hannun ya yi faɗi kamar na jamfa don yaro ya sha iska, na yi ɗan surfani a bakin aljihu saboda rigar biki ce. Da ta dawo ta juya ta, ta juya ta, ta ce, "Malam Ilu, wannan ango za ka kai ɗakin gwaji?" Ta sa rigar, ta miƙa hannu kamar za ta ɗauki abu a kan teburina, hannun rigar ya share kofin shayina da gwangwanin maɓallai suka zube. Ta ce, "Da a wurinmu ne, wannan kofin ruwa ne mai ƙuna irin na batir, wancan kuma wuta ce." Sannan ta roƙi ashana, ta ɗauki ƙyallen yadin ta kunna masa. Ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai danƙo. Ta ce, "Haka zai manne a fatar ɗan mutane." Ta ɗauko ƙyallen auduga ta ƙona, ya zama toka ta hure. A ranar na koma ɗalibi. Auduga zalla, mai kauri. Hannu matsattse. Maɓalli na ƙarfe wanda ake ɓallewa da fizga ɗaya, don in abu ya zubo wa yaro ya fita daga rigar kafin ya kai ga fata. Na 'yan mata wuyan ya fi faɗi, saboda ana cusa hijabi a ciki kada ya rinjayo kan wuta. Layi miƙaƙƙe ne, gaskiyar Nazifi, amma kowane layi da dalilinsa.

Muna cikin awo a shekarar farko ta faɗi abin da ke damun ta. Ta ce ba don hoton biki take so a yi rigunan ba. Tana so yaro ya kai rigar gida ya rataye, kullum ya buɗe ido ya gan ta, har ranar da zai shiga jami'a ko makarantar jinya ya sa ta da gaske. "Amma dubi su," in ji ta, "kafin lokacin duk sun fi ƙarfinta." Na ce, "Dakta, wannan kuma ɓangarena ne."

Ga yadda ake yi, ku da kuke ganin sauƙi. A gefe da gefe ana barin yadi mai faɗi, a buɗe shi a danne da guga ya kwanta, a kama bakinsa da hannu don kada ya yi tudu. A hannu da ƙasan riga kalmasa biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Kafaɗa ita ce mai wuya, domin namiji ta nan yake buɗewa, kuma ba a ƙara wa kafaɗa ƙyalle ta yi kyau. Sai na riƙa yin naɗi a tsakiyar baya, daga wuya zuwa ƙugu, in rufe shi da ɗinki, ranar buƙata a buɗe kafaɗa ta sami wuri. Duk ɗinkin ajiya da dogon taku ake yin sa, ba matsattse ba, saboda reza ta bi shi ba ta bar rami ba. Kana ɗinkawa kana tunanin wanda zai warware. Kuma duk da wannan kayan da ke ciki, dole rigar ta zauna wa yaro daidai a ranar biki, kada ya fito kamar an saka shi a buhu, 'yan uwansa su yi masa dariya. Riga biyu ce a cikin ɗaya, ta yau da ta mutumin da ba ka gani ba tukuna.

Da yake rigunan duka kama ɗaya ne, sai na riƙa saƙa sunan kowa a cikin wuya da shuɗin zare, da ajami. Har da yaran Kirista. Wani Yohanna, ɗan ma'aikacin asibiti, ya ce, "Baba, me ka rubuta mini? Kada in je gida a ce na musulunta ban sani ba." Na ce, "Sunanka ne, ja'iri, da ina da wannan ikon ai da zare ya ƙare a kasuwa." Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cire tata rigar ta ce ita ma a sa mata.

Kowace shekara ana gayyata ta bikin, ni kuma ba na fashi. Ana kafa rumfuna a gaban ɗakin gwajin, a jera kujerun roba, iyaye su zo daga ƙauye da kayan Sallarsu. Yara suna tsayawa a bayan tebura, kowa da abin da ya koya, suna yi wa iyayensu bayani da Hausa, wasu da Fillanci. Daga nan a kira suna ɗaya-ɗaya, uwa ko uba ya fito ya sa wa ɗansa rigar da hannunsa. Mata su yi guɗa. Ni ina can gefe, idona a kan kafaɗu, ina duba inda ya zauna da inda ya tattare.

Amma nawa bikin ba wannan ba ne. Nawa yana zuwa bayan shekara biyu ko uku, ranar da wani dogon saurayi ko wata budurwa za su yi sallama a shago da baƙar leda a hannu. Ba sai sun yi bayani ba. In na ga farin yadi ya leƙo daga leda na san an sami gurbin karatu. Sai in ce, "Ina aka samu?" a faɗa mini, in yi hamdala, in ɗauko reza. Yadin da ya kwana a ciki yakan fi na waje fari, sai an wanke da bula an goge da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin su daidaita. Ba duka suke dawowa ba. Da yawa rigarsu tana nan yadda na ɗinka ta, a ƙasan akwati ko a jikin ƙusa. Su ma ina tuna ƙafafunsu.

Sa'adu yana cikin waɗanda suka dawo. Ɗan Udubo ne, babban ɗan Malam Buba, manomi mai 'yan shanu. Ranar da na fara auna shi tsawo ne kawai da ƙashi, wuyan hannunsa ya fito daga rigar makaranta kamar ba tasa ba. Na ga ƙafarsa na ga ta ubansa, na bar masa ajiyar da ban taɓa bar wa kowa ba. Ya ce, "Baba, yadin gwamnati ne ko, shi ya sa ba ka tausaya masa?" Na ce, "Kai za ka cinye shi, ka dai ci tuwo."

A bikinsu, abin da ya nuna jinin saniyar ubansa ne, wata da ta dawo daga kiwon rani a kudu tana ramewa. An shafa ɗigon jinin a ɗan gilashi an rina shi, aka sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara wa ƙaramin abu girma. Malam Buba ya cire malfarsa ya sunkuya, ya rufe idon da ya kamata ya buɗe. Sa'adu, wanda Baffa yake kiran ubansa, ya ce, "Baffa, ɗaya idon." Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Wannan duka a cikin saniyata?" Sa'adu ya ce, "Shi ne sammore, Baffa. Ciwon da kake faɗa tun ina yaro, ga shi yau ka gan shi da ido." Ni ma na leƙa. Wasu 'yan abubuwa ne masu lanƙwasa a tsakanin ɗige-ɗige, kamar harafin ra da aka ja da sabon alƙalami. Na yi tasbihi. Malam Buba ya juya ga Dakta ya ce, "Wannan karatun, a ina ake ƙarasa shi?" Ta ce akwai karatun likitan dabbobi. Ya ce, "To, a kai shi." Da aka kira sunan Sa'adu, uban ya sa masa rigar a bai-bai, sai da aka cire aka sake.

Ya kawo mini ita farkon wata damina, ya zama ƙato, sai da ya sunkuya kafin ya shigo shago. Ya sami gurbin da ubansa ya roƙa masa. Na auna shi na warware ajiyar duka, gefe da hannu da baya, ba abin da ya rage a naɗe, kuma ta zauna masa kamar a ranar aka yanka ta. Saura wanki da guga. Ya ce, "Baba, bar ta a nan, gidanmu yoyo yake yi. In zan wuce makaranta zan biyo in karɓa." Na rataye ta a ƙusar da ke bayan kekena.

Wannan ita ce shekarar da ruwa ya yanke hanyoyi. Wanda yake nan ya sani. Aka yi ta ruwa ba ɗagawa, koguna suka cika suka fita, gonaki suka koma tafki, gero ya ruɓe a tsaye. Mota ba ta zuwa ƙauyuka, don haka ba a yi shirin yara ba, ban ɗinka ko farar riga ɗaya ba. Kasuwa ta mutu, wanda bai sami abin sa wa a tukunya ba ba ya tunanin tela. Rufin shagona ya buɗe, bandir ɗin farin yadin da na tanada ya yi baƙaƙen ɗige har ciki. Muka koma facin tsofaffin kaya da rage wa mutane wando, saboda kowa ya rame. Rigar Sa'adu kuwa na naɗe ta a leda biyu na kai ta gida na sa a akwatin littattafaina, sai da ruwa ya ɗauke na dawo da ita ƙusarta.

Shi bai biyo ba. Daga baya wani mai kawo shanu kasuwa ya ba ni labari. Gonarsu ta tafi, shanun da suka tsira ciwo ya bi su, Malam Buba ya kwanta bai tashi ba. Allah ya gafarta masa. Aka bar Sa'adu da uwa da ƙanne. Ya bi motar shanu zuwa Ikko, yana tuƙa keke napep a can yana aiko musu da abinci.

Bai manta lambata ba. Yakan kira jefi-jefi, yawanci ranar Juma'a bayan an sauko, ƙarar motoci tana cika wayar. Mu gaisa, in tambayi aiki, ya tambayi kasuwa. Can sai ya ce, "Baba, tana nan?" In ce, "Tana nan." Ya ce, "Baɗi in sha Allahu." Dakta ta gaya mini wancan gurbin ya wuce, amma ana iya sake zama jarrabawa, ƙofa ba ta rufe ba sai in shi ya rufe ta. Kowace damina nakan sauke rigar in shanya ta, in goge, in mayar. Baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kiran ya fara nisa da juna. Har aka kai lokacin da zai kira mu gama gaisawa bai tambaye ta ba, sai ni in ce, "Tana nan fa." Ya ce, "To, Baba."

Bana da aka kawo yara awo, Dakta ce ke riƙe wa 'yan mata tef kamar kullum, ni ina gefe ina rubutawa a jikin yadi da alli. Wata siririyar yarinya ta miƙa hannu, na ga wuyan hannun, na ajiye allin. Na ce, "'Yan mata, daga Udubo?" Ta ce, "E, Baba. Bilkisu. Yaya Sa'adu ya ce in gaishe ka." Ashe ƙanwarsa ce, shi ya riƙe karatunta tun daga firamare har ta kai nan.

Washegari da hantsi Sa'adu ya kira, ba ma Juma'a ba. Ya ce, "Baba, kada ka ɗinka wa Bilkisu sabuwa. Ka yanke tawa ka rage mata." Na ce, "Sa'adu, yadi bai ƙare ba, Dakta ta kawo na kowa." Ya ce, "Na sani. Ni nake so. Baba, mu daina yaudarar juna. Na girma, kaina ya cika da hanya da fasinja, ko littafi na buɗe barci nake yi. Rigar nan tana rataye a shagonka kamar tana rataye a wuyana. Ka sa almakashi kowa ya huta." Na ce zan duba. Ya ce, "Ba dubawa ba, Baba. Rigata ce ko?" Na ce, "Taka ce." Ya kashe.

Na sauke ta na shimfiɗa a tebur, na ɗora awon Bilkisu a kai na ja alli. Abin da ya yi saura a wajen layin ya isa a yi wa jariri riga. Na ɗauki almakashin Alhaji Modu na buɗe bakinsa. Mai kaya ya yi magana, kuma amana ita ce ka yi wa mutum abin da ya ce da kayansa. Amma na san wani abu kuma, tun daga rabin rezar nan: abin da aka naɗe ana iya yanke shi gobe, abin da aka yanke kuwa ya tafi. In ya zo ya ce na saɓa masa, gyaran na ɗan lokaci kaɗan ne. Na rufe almakashin na mayar da shi durowa.

Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Mayar da rigar ƙato jikin siririyar yarinya ba tare da an zubar da ko zare ɗaya ba. Tsawon bai dame ni ba, ta mata dama takan sauka ƙasa da gwiwa, wuyan kuma ya isa hijabi. Hannuwan na cire su gaba ɗaya, na shigo da su ciki a kan kafaɗa, yadin da ya yi saura na kwantar da shi a ƙarƙashi ya zama kamar ɗan matashin kai. Tsawon hannun na juya shi ciki har kusa da gwiwar hannu, na kama shi da allurar hannu, taku ƙanana ta waje don kada a gani, dogaye ta ciki don reza. Bayan kuwa naɗi biyu na yi, ɗaya a kan ɗaya, na yi ta danna su da guga da katakon nan har suka kwanta. Idona ba kamar da ba ne, sai na fito da tebur bakin ƙofa inda haske yake. Nazifi ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, almakashi fa an yi shi ne don irin wannan ranar." Na ce, "Na sani, ni ma ina da shi." Da na gama, na juya wuyan. Sunan Sa'adu yana nan, shuɗin ya ɗan koɗe. Na saƙa na Bilkisu a ƙarƙashinsa.

Ranar bikin an yi yayyafi da safe, sannan gari ya washe. Rumfuna sun cika. Yaran bana sun nuna abubuwa iri-iri, wani ya kunna ƙwan lantarki da hasken rana, wata ta gwada ruwan rijiyoyin unguwarsu a kwalabe, kowace da launinta. Bilkisu tana tsaye a bayan madubin nan, tana nuna wa mata ƙwayoyin da ke cikin nonon da ya kwana. Dakta ta yi jawabi gajere, ta ce wa iyaye yaran nan naku ne, mu aro muka yi, ga su mun dawo da su da ƙari. Aka fara kiran suna. Da aka zo kan Bilkisu, uwarta Inna Hajara ta fito a hankali, ta karɓi rigar, ta tsaya tana jinjina ta a hannu. Ta sa mata, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har sama. Kafaɗar ta zauna. Bayan bai tattare ba. Na sauke numfashi.

Bayan an tashi ana cin cincin da zoɓo, sai ga Bilkisu ta nufo ni da waya a hannu, ana ganin fuskar yayanta a ciki, yana zaune a kekensa a bakin titi. Ta ce, "Baba, rigata ta fi ta kowa nauyi. Na ɗaga ta ƙawata, kamar takarda." Ta juya wayar ta nuna masa kanta daga sama har ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Likitar nono! Inna ta yi kuka?" Ta ce, "Ta ce hayaƙi ne." Sannan ta miƙo mini.

Ya ce, "Baba, sannu da aiki. Ta yi mata kyau. Ka yanke ke nan."

Na ce, "Ban yanke ba."

"Ban gane ba."

"Naɗewa na yi. Duk faɗinka da tsawonka suna ciki, ko zare ban zubar ba. Nauyin da take ji ke nan."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, ai na gaya maka."

Na ce, "Ka gaya mini, kuma rigarka ce. Almakashi yana durowa, riga za ta tafi Udubo. Ranar da ka zo gida ka ɗauko ta, ka tsaya a gabana ka sake faɗa, wallahi a gabanka zan yanke. Amma ba na yanke irin wannan ta waya."

Wani ya leƙo kekensa yana tambayar hanya, ya girgiza masa kai ba tare da ya dube shi ba. Bilkisu ta sa hannu ta baya tana laluben wuyan rigar, ta juyo shi gaba iyakar yadda zai zo, ta karanta abin da ke ciki. Dakta tana tsaye kusa da mu da kofin zoɓo, tana jin komai. Motoci suna ta wucewa a bayansa. Ba don su ba, da na ɗauka layin ne ya tsaya.

Can Sa'adu ya share fuska da tafin hannu ya ce, "To, Baba. Kada ka yanke tukuna."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba. Ban san abin da Allah ya rubuta masa ba, tela ba ya ganin wannan a ƙafar mutum. Ƙusar da ke bayan kekena yanzu ba komai a jikinta, wani lokaci nakan juya in duba kafin in tuna. A hanyar dawowa daga bikin na tsaya wurin mai tireda na sayi sabuwar reza. Tana durowa kusa da almakashin, ban ɓare takardarta ba. Allah ya raya yaran bana da na bara, ya dawo mana da waɗanda ke nesa, ya ba ni idon da zan bi wancan dogon takun in warware shi da hannuna.